Goron Ceton Ɗantala

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, kuma ni mutum ce da ko sallama aka yi a ƙofar gida sai in duba wanda zai amsa a madadina. Na sha ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Amma Malama Rakiyya, wadda za ku ji yadda muka haɗu, ta ce in rubuta kamar ina ba ƙawata labari a bakin rijiya. To, haka na yi. Inda aka ga kuskure a yi mini afuwa.

Sunana Husainatu. Rugarmu tana gabas da Gagarawa Tasha, muna noman gero muna kiwo. Goggo, yayar mahaifina, ita ta goya ni, kuma ɗanta na biyu nake aure, don haka tun ina ƙarama gida ɗaya na sani. Aikina shi ne kai fura da nono tasha ranar da jirgin Nguru zai wuce.

Da damunar 1976 wani fasinja ya miƙo hannu ta taga ya karɓi fura. Bai gama sha ba jirgi ya yi kuka. Ya laluba aljihu bai sami abin da yake nema ba, sai ya jefo mini ƙwaryata da wani littafi da ke hannunsa, ya ce, "Riƙe wannan, 'yan mata, ya fi furar tsada!" Jirgi ya tafi da shi yana dariya.

Littafin ya sha hannu. Bangon baya babu, ganyen ƙarshe ma ya yage. A gaba an zana bijimi da igiya a wuya, an rubuta sunan mawallafin, Malam Nata'ala. Labarin sata ne da bincike. An kwance bijimin wani attajiri ranar kasuwa, aka ba wani Saje Ishaƙ aikin gano ɓarawo. Saje ya bi sawu, ya tambayi dillali, ya tambayi mahauci, ya tambayi mai gadin tike, wato inda ake cinikin shanu. Daga ƙarshe aka tsinci igiyar bijimin a bukkar Ɗantala, wani maraya da ke kiwon haya, aka kama shi.

Kullum bayan la'asar nakan zauna a gindin aduwa in karanta wa matan ruga. Ina bi da yatsa a hankali, inda Hausar ta yi nauyi in juya musu da Fillanci. Abin mamaki, in ina karatu ba na jin kunyar kowa, don idona yana kan takarda. Sabuwa maƙwabciyarmu tun shafi na uku ta ce dillali ne, wai ba a taɓa yin dillalin kirki ba. Goggo tana gefe tana kaɗa nono, amma kunnenta yana wurinmu.

Ranar da muka kai shafin ƙarshe, an kulle Ɗantala a gidan waƙafi, ya riƙe ƙarfen taga yana cewa, "Wallahi ban ɗauka ba." Daga nan sai yagaggen gefe.

Goggo ta tsai da maburgi. Ta ce, "Sai kuma me?"

Na ce, "Ya ƙare, Goggo. Sauran ya yage."

"Ya ƙare yaya? Yaron yana ɗaure fa."

Tun daga ranar Goggo ta canza. In an kai mata tuwo sai ta taɓa ta ture. In ta idar da salla sai mu ji ta tana addu'a a fili, tana kiran sunan Ɗantala, Allah ya fid da shi, Allah ya tona asirin wanda ya jefa igiyar. Ranar Juma'a ta raba wa yara nono sadaka dominsa. Maigidana ya durƙusa ya ce mata, "Inna, wannan fa ƙagaggen labari ne, babu wani Ɗantala." Ta dube shi ta ce, "Ko ma mene ne, wanda ya ɗaure shi, shi zai kwance shi."

Matan ruga sun mai da abin dariya, amma ni ban yi dariya ba. Goggo tana da ɗan fari, Hamma. Ina yarinya aka ce ya saci sa a kasuwar Maigatari, aka tsare shi, aka zagaya da shi gaban jama'a. Daga baya san ya dawo garken mai shi da kansa, ashe ɓata ya yi. Aka saki Hamma, amma bai iya dawowa ya haɗa ido da mutane ba. Ya tsallaka Nijar, shi ke nan, ko saƙo. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar labarinsa, ba ta kukansa a gaban mutane. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin Goggo ta ambace shi ba. Amma Ɗantala ba ɗanta ba ne, don haka babu wanda zai ce ta yi rashin kunya in ta kira sunansa ta yi kuka.

Da kaka ta yi, ranar kasuwar Gagarawa, wata mota mai lasifika ta zagaya tana shela. Wai za a yi bikin littattafai a Gumel, a filin makaranta, za a kawo littattafai daga Zariya da Kano, kuma masu rubuta su za su zo a gan su ido da ido. Cikin sunayen da aka kira na ji Malam Nata'ala. Da na dawo gida na faɗa wa Goggo, don in faranta mata rai kawai. Na ce ƙila wani zai je ya sayo mana cikakken littafin.

Ta ce, "Wani wa? Ke za ki."

Ni da ban taɓa wuce Gagarawa ba sai tare da ita! Amma ta riga ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da farin goro manya a ƙunshe cikin ganye, da ƙaramar ƙwarya cike da man shanu. Ta zaunar da ni ta koya mini yadda ake kamun ƙafa wurin manya. In durƙusa, in yi gaisuwa, in faɗi wanda ya aiko ni da abin da ake roƙo. Sai na gama magana sannan in ajiye goron. In ya ɗauka, ya karɓi ceto. In ya bar shi a ƙasa, in ɗauke abina in taho, ba gardama.

Na ce, "Man fa?"

"A kai wa yaron. Abincin gidan waƙafi ba mai."

Maigidana yana da zuwa ofishin dabbobi a Gumel kan allurar shanu, sai muka hau bayan wata fijo tare. Ya sauke ni a ƙofar makarantar, ya ce zai dawo bayan azahar. Na so in riƙe masa riga, kunya ta hana.

Ban taɓa ganin littattafai da yawa haka ba. An kafa rumfunan zana a jere, kowacce da tebur, littattafai a kai kamar tumatir a kasuwa. Ga 'yan makaranta cikin fararen kaya, ga malamai da manyan riguna, ga wani yana rera waƙa a lasifika ana amsa masa. Ƙamshin sabuwar takarda ya cika wurin. Na ja mayafi na rufe ƙwaryata, na bi gefe-gefe har na hango zanen bijimin nan a kan wani tebur.

Na nuna shi da yatsa. Mai sayarwa ya miƙo mini. Sabo fil, da bangonsa gaba da baya. Nan take na buɗe ƙarshe. Ga Ɗantala riƙe da ƙarfen taga, ga "Wallahi ban ɗauka ba." Na juya ganyen da ya yage a nawa. Layi ɗaya ne kawai a jiki: wai a nemi littafi na biyu.

Na ce a hankali, "Na biyun fa?"

Mai sayarwa ya yi dariya. "Ke ma? Ai shekara da shekaru ana tambaya. Bai rubuta ba. Ga shi can a rumfar ƙarshe, je ki tambaye shi da kanki, mu mun gaji."

A rumfar ƙarshe mutum biyu ne zaune a bayan tebur. Ɗaya dattijo ne mai ƙiba, da tabarau da zanen Barebari a kumatu. Ɗayar mace ce siririya mai farin mayafi, tana sa hannu a littafin wata yarinya. Na tsaya a jikin turken rumfar. Mutane suna zuwa suna gaisawa suna tafiya, ni ina nan. In na ɗaga ƙafa sai ta ƙi. Har inuwar rumfar ta matsa ta bar ni a rana.

Matar ce ta lura da ni. Ta ce, "Ƙanwata, turken nan ba zai faɗi ba ko kin sake shi. Matso."

Na matsa, na durƙusa. Duk abin da Goggo ta koya mini ya gudu. Na buɗe baki, ko gaisuwa ta ƙi fita. Da na rasa yadda zan yi, sai na kwance ƙunshin goron na ɗora a kan tebur, na sunkuyar da kai.

Dattijon ya leƙo ta saman tabarau. Ya dubi kitsona da ƙwaryata, sai ya tafa hannu. "Allahu akbar! Malama Rakiyya, kin gani? Bafulatana ta san ubangidanta. Baiwata ce ta kawo gaisuwa tun daga daji." Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, kowanne yana cewa shi ne ubangidan ɗayan. Ya zaɓi goron da ya fi girma, ya ɓare, ya jefa a baki. "Kai, ɗan daushe ne ma. Allah ya yi miki albarka, ya ƙara wa bayina biyayya."

Mutanen da ke wurin suka yi dariya. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Da wani ne daban da na mutu a wurin don kunya, amma Babarbare ne, kuma ko a gaban sarki Bafulatani ba ya barin Babarbare ya yi masa wannan ya tafi. Na ce, kaina a ƙasa, "Ba gaisuwa ba ce. A garinmu ba a gai da bawa da farin goro."

Aka kwashe da dariya har da masu tafi. Malama Rakiyya ta riƙe ciki. Malam Nata'ala ya ce, "Iye! Ashe tana da baki. To, goron mene ne?"

"Na kamun ƙafa ne. Goggona ce ta aiko ni. Ta ce don Allah don Annabi a saki Ɗantala."

Ya daina tauna. "Wane Ɗantala?"

Na ciro tsohon littafina na ajiye. Na ɗora ƙwaryar man a gefe, na ce, "Wannan kuma a kai masa. Ta ce abincin can ba mai."

Wani ɗan makaranta ya fara dariya, Malama Rakiyya ta harare shi ya yi shiru. Malam Nata'ala ya ɗauki littafin yana juya shi, yana duban inda yatsana ya baƙanta gefen shafuka. Ya rage murya ya ce, "Yarinya, ba zai yiwu ba. Ɗantala shi ne ɓarawon."

Na ɗago kai na dube shi.

Ya ce, "Ai nan dabarar take. Kowa ya karanta zai ce an zalunci maraya, a yi ta zargin dillali, sai a ƙarshe Saje ya gano da ma shi ne. Shekara nawa ina ajiye da wannan a raina."

Malama Rakiyya ta ce, "Shekara nawa kana ajiye da shi don lalaci, dai. Malam, ka riga ka ci goro."

"Ban san na ceto ba ne!"

"Wa ya hana ka tambaya? Kai da kake rubuta masu bincike, aka ajiye maka goro ba ka tambayi dalili ba ka kai baki. Sajenka zai yi haka?"

"Ita ce ba ta bi ƙa'ida ba. Magana ake fara yi, sannan goro."

"Kai ma ba ka bi ba. Ji ake fara yi, sannan ci." Ta juya ga mutane. "Jama'a, ya ci ko bai ci ba?"

Aka amsa, "Ya ci!" Wani tsoho mai sanda ya ce, "Ga jan nan a haƙoransa."

Malam Nata'ala ya ce zai aika kasuwa a sayo mini goro ƙwarya guda a madadin ɗayan. Tsohon ya ce ba a taɓa yin haka ba, goron ceto in ya wuce maƙogwaro ya wuce. Ana ta raha, amma ni na ga da gaske yake ba ya so. Ya cire tabarau ya ce mini, "Ki gaya wa goggonki labari ne kawai. Babu wanda ke jin yunwa a gidan waƙafi. Ni na ƙaga shi a ɗakina."

Na ce, "An gaya mata."

"To, me ta ce?"

"Ta ce wanda ya ɗaure shi, shi zai kwance shi."

Malama Rakiyya ta taso ta zagayo, ta tsuguna kusa da ni yadda mutane ba za su ji ba. Ta ce, "Ƙanwata, wa aka taɓa ɗaure mata?"

Ban yi niyyar faɗa ba, maganar gida ce. Amma yadda ta tambaya, sai na ji ina ba ta labarin Hamma, da yadda san ya dawo da kansa, da yadda Goggo ba ta da ikon kiran sunansa, da tuwon da take turewa. Na yi magana ƙasa-ƙasa, amma Malam ya matso da kunne ya ji duka.

Da na gama ya daɗe yana duban ƙwaryar man. Sannan ya mai da tabarau, ya buga tebur. "Shi ke nan! Fulani sun ɓata mini littafi. Jama'a ku shaida, na saki Ɗantala. Ba shi ya ɗauka ba, jefa masa igiyar aka yi." Ya nuna ni da yatsa. "To, ke da kika jawo, wa ya saci bijimin? Ba a barin bijimi ba ɓarawo."

Na ce, "Sabuwa ta ce dillali ne."

"Wace ce Sabuwa?"

"Maƙwabciyarmu."

"Ki gaya wa Sabuwa ta yi sauri da yawa, kowa dillali yake zargi. Ke fa?"

"Ni ban sani ba, Malam. Aikinka ne. Mu namu mu saya."

Malama Rakiyya ta ce, "Ka ji. Shekaru ina ce maka ka zauna ka gama, ka ƙi. Yau goro ɗaya ya sa ka."

Ya yi ƙwafa, amma idonsa yana dariya. Sai gunaguni yake shi kaɗai, yana cewa mai gadin tike, ai mai gadin tike bai faɗi inda yake ba lokacin da aka kwance bijimin. Ya jawo ƙwaryar man gabansa ya ce, "Wannan ni zan kai masa da hannuna." Malama ta ce, "A kan shinkafarka, ko?" Ya ce, "Ai tare muke ci."

Kafin in tashi ya ce littafin zai fito kafin wata kakar in Allah ya so, kuma in ya saɓa, in zo har gida in karɓi gorona da shaidu. Malama Rakiyya ta kama hannuna ta zagaya da ni rumfunan. Ashe ita ma labaran bincike take rubutawa, kuma malamar makaranta ce. Na sayi nata guda, na wata ungozoma da ke gano wanda ya sace awarwaron amarya, bayan na buɗe ƙarshe na tabbata ya ƙare. Ta gan ni ta yi dariya ta ce, "Maciji ya sare ki, kin ga igiya." Na sayi sabon na bijimin ma, mai bango, da wani ƙarami na koyon rubutu. A nan ne ta ce in rubuta abin da ya faru yau. Na ce ni aji huɗu na yi. Ta ce ai ba aji ta tambaye ni ba.

Da maigidana ya dawo ya same ni ina hira da malamai, ya tsaya daga nesa yana kallo, bai gane ni ba sai da na ɗaga masa hannu.

Mun iso ruga rana tana shirin faɗuwa, shanu suna dawowa. Goggo tana zaune a bakin hanya, inda ba ta saba zama ba. Ba ta tambayi hanya ba, ba ta tambayi littafi ba. Ta ce, "Ya ɗauka?"

Na ce, "Ya ci ma, a gaban mutane. Ya ce ba shi ya sata ba, jefa masa igiyar aka yi. Ya sake shi."

Ta rufe fuska da gefen zane, ta daɗe a haka. Da ta buɗe sai ta ce, "Da ma na sani." Ta tambaya ko akwai sauran tuwon rana. Na ɗumama mata, ta cinye, ta sa aka ƙaro nono.

Na mayar mata da sauran goron, don guda ɗaya kawai Malam ya ci. Ta karɓa ta yayyafa masa ruwa, ta sake ƙunshe shi da sabon ganye. Maimakon ta kai ɗaki, sai ta ajiye shi a kan faifaina. Ba ta dube ni ba ta ce, "Jibi Alhamis. Na ji an ce fataken shanu daga Damagaram suna sauka a Maigatari." Ta tashi ta shige.

Washegari da safe na riga kowa tashi. Na sami maigidana a garke yana kwance maruƙa. Na tsaya a gabansa da ƙunshin goron a hannu, na kira sunan Hamma a fili, sunan da aka daɗe ba a ji a rugar nan ba. Na ce gobe zai kai ni kasuwar Maigatari, wurin sarkin tike, ni zan tambayi fataken labarin Hamma da bakina. Ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin Goggo da ke a buɗe, ya ce to. Na koma na ɗauki maburgi na fara kaɗa nono, don a sami man da za mu tafi da shi.